Cigiyar Matar Mai Gyaran Agogo

Shekara goma sha tara tana karanta cigiya a gidan rediyon yankinsu, har sunanta ya ɓace, kowa sai Anti Cigiya. Ta nemo yara, ta nemo akuyoyi, har haƙoran roba na wani direba ta taɓa nemowa.

Ranar Litinin injiniyan gidan ya ja ta bayan ɗakin janareta.

"Babbar na'urarmu ta ƙone tun Juma'a. Ƙaramar da na jona ko tashar mota ba ta kai muryarki. Manaja ya ce kowa ya kama bakinsa."

"Yaushe za a gyara?"

"An rubuta takarda sama," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Ta bara ma tana hanya."

Da hantsi wani tsoho mai gyaran agogo ya shigo da hoto cikin leda. Rumfarsa na bayan katangar gidan rediyon. Mai ɗakinsa ce ta ɓata. Mantuwa ta kama ta shekara biyu ke nan, kullum maganarta za ta gida wurin innarta, wadda ta rasu tun tuni. Jiya an ga ta shiga motar ƙauye, ba a san wacce ba.

"Ƙauyuka duk suna jin ki, 'yata. Ke kaɗai nake da."

Ta shiga ɗakin shiri, jar fitila ta kama. Ta karanta a hankali: doguwa ce, zane shuɗi, silifas wari daban-daban, tana amsa sunan Inna. Sau uku ta maimaita, abin da ba ta yi wa kowa. Ta cikin gilashi injiniya ya sunkuyar da kai.

Daga nan ta wuce ofishin manaja, ta roƙi motar gidan da lasifika. Ya ce motar ba taya, kuma in maganar na'urar ta fita, shi da ita za su san inda dare ya yi musu. Ta kira direbobi huɗu da ta sani. Biyu suka ɗauka, suka ce za su sa ido.

Ranar Laraba tsohon ya dawo. Ya ji ta tangaran a rumfarsa, ya gode. Ya tuna ne bai faɗi mai ɗakinsa tana ɗingishi ba.

Ta zaunar da shi a benci, ta gaya masa gaskiya duka. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana murza bakin ledar.

"To wane gidan rediyon zan je?"

"Babu wani, Baba. Mu kaɗai ne."

Ya miƙe da kyar, ya tambayi ƙarfe nawa motar ƙauye ta farko ke tashi. Ta ce ba ta sani ba. Ta raka shi har ƙofa, mai gadi ya ja masa ƙyauren, sannan aka leƙo aka ce saura minti biyu ta shiga.