Ruwan Zafin Budapest

Hambali yana laluben tsaraba a akwatin matarsa sai ya zaro wata leda mai ɗanshi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Rigar wanka ce a ciki.

Jiya matar tasa, Fusena, ta dawo gidansu na unguwar Soundview daga birnin Budapest, inda ta raka tsohuwar Bayahudiyar da take jinya. Shitu, abokin tuƙin tasinsa, ya riga ya hura masa kunne cewa a can maza da mata wanka ɗaya suke yi. Shi kuwa Hambali, mutum ne da ko gaisuwa ta yi tsawo sai ya nemi dalili.

"Wannan fa, Maman Latif?"

"Ruwan zafi ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, Maigida. Shi ke wannan warin."

"Da maza a ciki?"

"Da su."

Ai fa sai ransa ya ɓaci. Ta zauna ta yi masa bayani: tsohuwar ta sa an tura ta a keken guragu har bakin kogi, inda aka jera takalman ƙarfe don tunawa da Yahudawan da aka kwaso daga gidajensu aka harbe a wurin lokacin yaƙin duniya na biyu. Uwar tsohuwar na cikinsu. Tun daga nan jikinta ya kama rawa, bargo biyu bai tsayar ba, ta ce a kai ta ruwan zafi.

"Ba ta iya tsayuwa. In ban shiga na riƙe ta ba, wa zai riƙe ta?"

"Labari dai kin iya shi! Yau za ki ajiye aikin nan, a gabana."

Ya ɗauke ta a tasi har gidan da take aiki a Manhattan. Shi a ransa, da wuya ma in akwai wata tsohuwa.

Akwai ta kuwa, ƴar mitsitsiya cikin keke. Tana ganin baƙon namiji a bakin ƙofa ya haɗe rai, sai ta cafke hannun Fusena da hannu bibbiyu, haƙoranta na kaɗawa.

"Ya zo tafiya da ke ne?" ta tambaya da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. "Kada ki bi shi. Ba sa dawo da mutum."

Fusena ta juya ta zuba wa mijinta ido.

Kunya ta rufe Hambali. Ya ja baya, ya saki ƙofar a hankali.

"Ƙarfe nawa kike tashi?" ya ce. "In zo in ɗauke ki."