Ruwan Fannami a Fangalin Inusa

Tun shekarar da fara ta cinye geron ƙasar Gure, Fannami ya ɗauki gaba da barci. Garkarsa ta albasa tana cikin kwari, bayan tudun rairayi, kuma ya rantse ko ganye ɗaya ba zai sake rasawa ba. Da dare yana gadin barewa kada ta ci masa shuka, da rana yana bakin rijiya yana jan jigo. In an ce ya kwanta sai ya ce barci aikin raggwaye ne.

Ni dai ban taɓa ganin taurin kai irin nasa ba. Idanunsa suka yi ja kamar gauta, abinci ya daina yi masa daɗi, ko gaisuwa aka yi masa sai ya nemi faɗa.

Abin takaici, albasar da yake kashe kansa a kanta sai bushewa take yi. Ta maƙwabcinsa Inusa, abokinsa na shekara talatin, kuwa ta yi kore shar, alhali Inusa barcinsa yake sha har da minshari. Fannami ya ce babu shakka satar ruwa ake yi masa, gobe zai kai Inusa ƙara wurin bulama, mai unguwarsu.

Hankalin matarsa Yakura ya tashi, don ta san in aka je gaban bulama zumuncin ya mutu ke nan. Da hantsi ta ɗauki fura ta nufi garka. Ta tarar da mijinta tsaye riƙe da igiyar jigo, ido a rufe. Guga ya fito, ya juye, ruwa ya bi magudana, ya wuce fangalin albasarsa da bakinsa ke toshe da laka, ya gangara kai tsaye cikin na Inusa.

Ta tsaya ta ƙirga guga goma, sannan ta kira Inusa ya zo ya gani.

"Malam," in ji ta, "buɗe ido ka ga ɓarawonka."

Fannami ya farka firgigit. Ya dubi lakar da ya manta bai buɗe ba, ya dubi ruwan, ya dubi hannunsa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

"Inusa, kana gani ba ka faɗa mini ba?"

"Sau uku ina faɗa maka," in ji Inusa yana dariya. "Kowane karo ka ce mini to, ka ci gaba da gyangyaɗi. Ba ni igiyar nan, je ka kwanta."

Yakura ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar dabino. Ya ce zai ɗan kishingiɗa ne kawai. Bai motsa ba sai da ta tashe shi sallar azahar, ya yi, ya koma barci. Da la'asar ya tashi ya shanye furar tas, ya tambaya ko da saura.

Ya tarar fangalinsa ya sha ruwa ya ƙoshi, Inusa na zaune yana share gumi.

"Gadin barewa kwana ɗaya kai, kwana ɗaya ni," in ji Inusa. "Albasata kuma rabi naka ne, tunda kai ka shayar da ita."

Fannami ya riƙe hannunsa. "Da gobe fa zan kai ka wurin bulama."

"Na sani. Shi ya sa na ce ka fara kwantawa."