Fitilun da Ba Su da Zafi

A nan duwatsun Tennessee, da zarar ganye ya fara zuba sai kowa ya sauke kwalbar ruwan sukarin da ake rataya wa ɗan tsuntsun nan sha-fure a baranda. Wai in ka bar kwalba ka riƙe tsuntsun, ya ƙi tafiya kudu, sanyi ya kashe shi, alhaki a wuyanka. Ni ban taɓa yarda da wannan zance ba. Tsuntsun da ya yi niyyar ƙetare teku, ba kwalbata ni Verlene ce za ta hana shi ba. Don haka na bar tawa.

Ana gab da Kirsimeti sai ga shi. Ba irin korayen nan da muka saba gani lokacin zafi ba ne. Wannan ja ne kamar tsatsa, bai fi babban yatsana ba. Ya tsaya cak a iska, ya zura baki ya sha, ya harare ni ta taga.

"To, ga abin da kika jawo," in ji mijina Odell, yana gutsurar burodin masara. "Kin yi baƙo, tsohuwa. Sai ki saƙa masa rigar sanyi."

"Kai ne tsoho. Ci abincinka."

Bayan sabuwar shekara rediyo ya ce wani mugun sanyi na tafe. Hankalina ya tashi. Shi sha-fure in ya kwana sandarewa yake yi kamar matacce, da gari ya waye kuwa, in bai sami abin sha nan take ba, shi ke nan. Ga shi babu fure ko ɗaya a garin nan, kwalbata kaɗai ya dogara da ita. Sai na yi dabarar da muke yi wa famfon waje: na nannaɗe kwalbar da fitilun Kirsimeti, don ɗuminsu ya hana ruwan daskarewa. Na kwanta da raina fes.

Da safe na fito, fitilu na ta walƙiya, ruwan kuwa ya zama dutse. Na taɓa ƙwan fitila ɗaya, sanyi ƙarara.

"Odell! Me ya sami fitilun nan?"

Ya leƙo yana sosa ƙeya. "Au, ai sababbi ne. Irin na zamani, ba sa cin wuta, ba sa zafi."

"Tsofaffin fa?"

"Na zubar tun bara."

Da ina da lokaci da ya ji kalar bakina. Amma tsuntsun ya riga ya farka. Ina kallo ya taso daga reshen da yake kwana, ya caki ƙanƙara, ya sake caka, ya koma reshe da ƙyar, ya takure, idonsa na lumshewa. Tausayi ya kama ni, haushi ya fi shi.

"Ba a gidana ba," na ce. "Ba zai mutu a gidana ba."

Na ɗumama ruwa, na dama sukari, na narkar da ƙanƙarar kwalbar na cika ta. Na rataya, bai zo ba. Ba shi da ƙarfin tashi. Kafin in ƙifta ido bakin kwalbar ya fara daskarewa. Sai na cire safar hannu, na rungume kwalbar da tafukana, na taka cikin dusar ƙanƙara har gindin bishiyar, na ɗaga ta daidai bakinsa.

"Verlene, ki shigo, yatsunki za su fita!"

"Su fita. Kai je ka nemo min fitilu masu zafi, ko a gidan wa suke."

Na ji tashin motarsa. Ni dai ina tsaye. Kafaɗuna suka ɗauki zogi, yatsuna suka mutu, hawaye ya daskare min a kunci. Na rantse a raina ko zan ƙame a nan ba zan sauke hannu ba. Can sai ya buɗe ido. Ya miƙo wuya, ɗan harshensa ya fito kamar zare, ya sha. Ya ƙara sha. Sannan na ji iskar fikafikansa a bayan hannuna, ya tashi fir, ya dawo ya kai wa hulata hari, wai na tsaya masa kusa da abinci. Marar kunya. Na yi dariya har da kuka.

Odell ya dawo yana ɗingishi, ya sha ƙasa a ƙofar Ozella Crabtree, tsohuwar da ba ta zubar da komai. Fitilunta ne a hammatarsa, tsofaffi, masu ƙona hannu. Shi da kansa ya nannaɗa su a jikin kwalbar.

Watan Fabrairu ya kusa ƙarewa fitilun barandarmu na ci bal-bal. Ran Lahadi matar fasto ta tare mu a ƙofar coci tana murmushi.

"Odell, ku Kirsimetinku ba ta ƙarewa ne?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, ya riga ni.

"Baƙo muke da shi," ya ce. "Sai ran da ya yi sallama za mu kashe wuta."