Gatarin Sada

Shekara ashirin da bakwai Malam Maiwada ya yi yana gadin gandun dajin gwamnati da ke bayan ƙauyensu, can wajen Danja. Mutum ne mai taurin kai, kai ka ce dajin gadon ubansa ne. Ko kara ka karya, sai ya ji.

Wata shekara ya kama ƙanensa Sada, uwa ɗaya uba ɗaya, yana saran wata ƙatuwar ƙirya, zai sassaƙa wa amaryarsa Hansai turmi. Sara uku kacal ya yi. Maiwada ya ƙwace gatarin, ya tasa ƙeyarsa har gaban alƙali. Mahaifiyarsu ta yi kuka har da majina, ya ce, "Inna, dajin nan na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba. In na ƙyale Sada, wa zan hana?"

Sada ya kwana bakwai a tsare. Daga ranar bai ƙara ce wa Maiwada ko sannu ba, har aka kai shi makwancinsa. Abin ya daɗe yana cin ran Maiwada. In ya ishe shi, sai ya je ya shafa tabon nan uku a jikin ƙiryar, ya ce ai ga ta nan tsaye.

Bana, kafin ruwa ya sauka, aka wayi gari da ƙarar injin yankan itace. Wai an yanka dajin gonaki, an raba wa wasu manya daga birni. Maiwada ya tsufa, ya bar aiki tuni, amma ya dogara sanda ya je. Wallahi bai gane wurin ba! Fili fetal, sai hayaƙin masu gawayi. Ƙiryar tana kwance, an daddatsa ta.

Ya ce, "Wa ya ba ku izini?"

Wani ma'aikaci ya ce, "Da takardarmu, Baba. Matsa kada reshe ya buge ka."

Ya koma gida, ya zaro gatarin daga ƙarƙashin gado, ya yi sallama a ƙofar Hansai. 

"Hansai, ga gatarin Sada. Ki yafe mini, tunda shi ba zan same shi ba."

Ta dubi gatarin, duk ya yi tsatsa. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Na yafe, Yaya. Amma koma da shi. Mai shi ba ya nan, abin da za a sara ma babu."