Algaitar Ladan

"Ke ce 'yar Habibou Souley?" in ji wata mata a waya, cikin Turanci.

Shamima tana tsaye da dutsen guga a hannu, rigar aikinta a shimfiɗe kan tebur. Shekara tara ke nan da binne ubanta a Kumasi, amma ta ce, "Ni ce."

"Sunana Misis Alvarez. Ya faɗi muna cikin gwajin kiɗa, motar asibiti ta ɗauke shi yanzu. Sunanki ya rubuta a takardarmu."

Shamima ta katse kiran. Ta zare wayar gugar, ta zura takalma, ta sauko hawa biyar ɗin nan ba ta san ta sauko ba.

Baba Habibou maƙwabcinta ne, bango ɗaya ya raba ɗakunansu a wani tsohon bene a unguwar Highbridge, can ƙasar Turawa. Mutumin Damagaram ne, mai sayar da huluna da laima a bakin tashar jirgin ƙasa, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙarƙashin shagon Alhaji Mukhtari. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba, sai Shamima, shi ne inda tsohon yake zuwa duk Asabar da hantsi da 'yar baƙar jaka a hammata. Ya ce wa jama'a darasi yake ɗauka a kwaleji. Kwalejin dai gaskiya ne. Amma a can akwai ƙungiyar makaɗa, okestra, ta ɗalibai da mutanen unguwa, har da direban bas da wata tsohuwar likitar haƙori, kuma Baba ne mai busa musu obo, wato algaitar Turawa.

Bangon ne ya tona shi. Tsohon yakan shige cikin kabad ɗin kaya, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, wai shi a dole ba mai ji. Ranar da Shamima ta ce masa busar ta yi daɗi, saura kaɗan kofin shayi ya kuɓuce masa. "Ɗiyata, ki rufa mini asiri," ya ce. "Ubana mai algaita ne, abin a jini yake. In Alhaji ya ji, na kaɗe." Ba tsoron banza ba ne, don Alhaji Mukhtari mutum ne da ko wayar wani ta yi kiɗa a sahu sai ya yi wa'azin mako guda a kai.

A asibiti ta tarar da makaɗan cike da baranda. Misis Alvarez, mai riƙe musu sandar jagorancin kiɗa, gajeriyar mace mai furfura, ta kama hannunta har bakin gadon. Baba yana kwance, bakinsa ya karkace gefe guda, hannun dama kamar ba nasa ba. Ido ɗaya ne kawai ya bi ta.

"Baaba, ga ni."

Sai da ta kai kunne dab da bakinsa ta ji. "Kar ki bari su ƙone ni. A yi mini wanka, a yi mini salla." Ya huta, ƙirjinsa yana gurnani. "Kuma Alhaji… kar shi ji."

"Ba mai ƙone ka. Ka yi shiru."

Ya cika washegari bayan azahar, tana ɗiga masa ruwa a leɓe da auduga.

To, ga ta nan, gaba kura baya siyaki. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta san abin da ake yi da gawar da ba ta da mai karɓa: a ajiye ta a firji, daga baya a kai ta wani tsibiri, a jera akwatuna cikin dogon rami ɗaya, ba wanka ba salla. Baba ba shi da kowa a ƙasar nan. Mutum ɗaya ne zai iya tara maza a yi masa sutura, shi ne kuma wanda aka ce kar ya ji.

Ta same shi a shago yana jera buhunan shinkafa. Da ta gaya masa rasuwar, ya yi salati, ya zauna kan wani buhu.

"A ina abin ya same shi?"

"A kwaleji, Alhaji. Wajen darasi."

"Allahu akbar. Ya tafi a hanyar neman ilimi." Ya share ido da bakin hula. "Talata bayan azahar, in takardu sun fito."

Shamima ta koma gida. Kwana biyu abinci bai wuce mata ba. Ga ƙarya a kan gawa, ga tsoron ranar da za ta fashe.

Kuskuren kuwa tun a asibiti ta tafka shi. Cikin ruɗewa, da Misis Alvarez ta tambayi inda za a yi jana'iza, ta ba ta adireshin masallacin, daga baya har da lokaci. Ina ta san cewa su makaɗan nan, in nasu ya mutu, al'adarsu ce su je su yi masa kiɗan ban kwana?

Ranar Talata tana tsaye da mata biyu a bakin matakalar da ke gangarawa masallacin, sai ta hango su suna hawowa tudun titin. Sun fi talatin, duk cikin baƙaƙen kaya, kowa da akwatinsa, wani a hannu, wani a goye, wani yana jan nasa da ya kusa kai shi tsawo. An riga an yi wa Baba wanka, yana ƙasa cikin likafani, salla kawai ta rage. Ta ji a ranta yanzu Alhaji zai fito ya ce shi ba ya sallatar makaɗi, maza su watse, a bar ta da gawa a gefen titi.

Ta tare su da gudu. "Don Allah ku koma. Ba a yin haka a wajenmu."

"Minti huɗu ne kawai," in ji Misis Alvarez. "A nan waje za mu tsaya."

"Shamima, su wane ne waɗannan?"

Alhaji ne a bayanta, hannun rigarsa a naɗe, har yanzu da danshi. Ta buɗe baki, ƙarya ta ƙi zuwa. Ta durƙusa a kan simintin.

"Abokan darasin ne, Alhaji. Kiɗa suke yi. Baaba busa yake musu."

"Busa."

"Shekara goma sha huɗu. Ya ce kar ka ji."

Fuskar Alhaji ta ɗaure. Misis Alvarez ba ta jin Hausa, amma ta ga mace a durƙushe, sai ta matso.

"Yallaɓai, a wajenmu mai obo ne yake fara busa sauti ɗaya, kowa ya daidaita kayansa a kai. Ba ma farawa sai ya busa. Bai taɓa makara ba ko sau ɗaya."

Alhaji ya dube ta, ya dubi matakalar. Da ya yi magana, da Hausa ya yi, kuma ba da kowa yake ba.

"Mu ma tun Lahadi ba wanda ya kira salla a kan lokaci."

Ya juya ga Shamima. "Tashi. Tsorona ya sa mutum ya kwana bango ɗaya da ke ya ce ke ce 'yarsa, ni da muke sahu ɗaya bai gaya mini ba." Ya sauke hannun rigarsa. "Ba za a yi kiɗa a nan ba, gaya musu. Amma yau ranar aiki ce, mu bakwai ne a ƙasa, huɗu tsofaffi, matakalar nan kuwa sai da ƙarfi. In mun idar, mazansu su kama mana ɗaukar gawar. Su cire takalma, su ajiye kayan nan."

Shamima ta fassara. Direban bas ne ya fara sunkuyawa ya kwance igiyar takalminsa, sauran suka bi shi. Suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya can baya jikin bango, hannuwa a harɗe.

Ita ta zauna a kan matakala ta uku. Daga ƙasa muryar Alhaji ta tashi da kabbarar farko, ta ɗan karye a tsakiya. A gabanta, cikin 'yar barandar, akwatunan suna jingine a rufe, manya da ƙanana, tsakanin silifas ɗin tsofaffi da baƙaƙen takalma masu ƙyalli.