Tunkiyar Mma Azeta

A daminar shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar Ghana, tunkiyar Mma Azeta ta kama tari, ta daina cin harawa. Tsohuwar ta ja ta cikin ɗakinta a unguwar Moshi Zongo, ta rufe taga, ta hura mata gawayi. Tari bai tsaya ba. Sai ta durƙusa ta ɗora kunne a haƙarƙarin dabbar, ta ji abin da take tsoro, wani ƙuru-ƙuru kamar ana taka yashi. Irinsa ta ji a ƙirjin mijinta Sidiki kafin ya rasu. Wannan tunkiya kuwa jikar wadda ya koro ce daga ƙasar Moshi.

Ta aika aka kira Sumaila mahauci. Gara a yanka da bisimilla, kada jinin dabbobin Sidiki ya ƙare a juji a matsayin mushe.

Sumaila yana wasa wuƙa a bakin ƙofa sai ga Abdul-Mumuni a kan keke. Ɗan ƙanwarta ne, ita ta goya shi. Ya yi karatu a kudu, yanzu yana aikin duba dabbobi a Pong-Tamale.

"Mma, wa ya haihu ba a gaya mini ba?"

"Ba wanda ya haihu. Dokta, matsa, kana tare wa Sumaila haske."

Ya leƙa ɗakin, hayaƙi ya koro shi yana tari.

"Tunkiya kike jinya ko kifi kike busarwa?"

Ya ɗauko dabbar ya ajiye ta a ƙarƙashin rumfa. Ya duba hancinta, majina mai kauri, rawaya. Ya tsaya yana kallon cikinta yana ɗagawa da sauri. Sannan ya zaro ma'aunin zafi, ya ɗaga jelarta.

Sumaila ya ce, "Subhanallahi! Abin da aka tura ka Accra ka koya ke nan?"

"Kawu, idan na gama da ita kai ne na gaba."

Azeta ba ta yi dariya ba. Tana kallon sa ya sa robar sauraro a kunne, yana bin bayan ƙafar gaba da ita, dama da hagu. Fuskarsa ta canza kaɗan. Ta san wannan fuskar tun yana rarrafe.

Ta ce, "Na riga ka ji. Abin da ya ɗauki babanku Sidiki ne."

Ya cire robar. "Shi ne, Mma. Ciwon huhu. Da tsutsa ce jikinta ba zai yi zafi haka ba. Ƙwayar cuta ce ta kama ƙasan huhun, gefe biyu."

"To Sumaila ya yi aikinsa."

"Lokacin Baba ba mu da allurar fenisilin a nan. Yanzu tana cikin jakata."

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba. Wasu suna tashi."

Sumaila ya gwada kaifin wuƙa a farcensa. "Mma, idan ta mutu ba kowa kusa, ko fatar ba za ki so gani ba. Ni dai na faɗa."

Gaskiya ya faɗa. Azeta ta dubi tunkiyar, tunkiyar ta dube ta da jajayen idanu. Da a ce yaron ya rantse mata cewa za ta tashi, da ba ta yarda ba.

Ta ce, "Yi allurar. Kai kuma Sumaila, bar wuƙar nan, kuma kada ka yi nisa."

Abdul-Mumuni ya soka allurar a cinya. Ya ce a bar ta a iska, nesa da sauran tumaki, ba gawayi. Azeta ta ce iska ce ta kawo ciwon. Suka yi gardama, ya ci, sai ta kwaso tabarmarta ta koma rumfar da zama. Maƙwabta suka riƙa tambayar ta jikin mai jiki.

Kullum da hantsi yana zuwa da allura, ita kuma tana zagin hannunsa da nauyi. Rana ta biyu abin ya tsananta, har ta buɗe baki za ta kira Sumaila, ta fasa.

Ranar Juma'a tana tsince wake a faranti, ta juya ta amsa sallamar Abdul-Mumuni. Da ta waiwayo, kan tunkiyar yana cikin farantin.

"Ke! Marar kunya!"

Ta ɗaga hannu za ta make ta, sai ta sauke, ta tura mata farantin gaba.

Abdul-Mumuni ya ce, "Mma, ni fa me zan ci?"

"Kai lafiyarka ƙalau."