Garin Mars a Kan Rufin Hajiya Hauwa

Raina abin gida saboda abin littafi mugun ciwo ne, kuma shi ya kama Hatim.

A unguwar Mansur ta Makka, Hajiya Hauwa na da tukwane goma sha biyu na yakuwa a kan rufin gidan gadonsu. Irin ba na kasuwa ba ne. Kakarta ce ta ƙullo shi a bakin zane daga Sakkwato, shekara bakwai tana tafe a ƙasa. Duk shekara Hauwa kan bar yakuwar ta yi 'ya'ya, ta tara a kwalba. Ba ta hana kowa, amma da sharaɗi: wanda ya karɓi iri, baɗi ya dawo da iri.

Hatim ɗan ƙanenta Idris ne, magidanci har da gemu. Tun yana yaro ya haɗiye tsofaffin littattafan nan na mutanen da suka bar duniya suka kafa gari a Mars. Shi da abokansa suka ƙudura gina irin garin a rufin: rumfar leda rufaffiya ruf, su ɗauki bidiyo su shiga gasa. Ya hau ya nemi tukwanen duka har da kwalbar, yana ta bayani, rabi Larabci rabi Hausa, wai haka jaruman ke kare shuka daga iskar waje. Ta tambaye shi ko jaruman sun taɓa tsayawa a rufin Makka da azahar. Ya yi dariya.

"Gwaggo, mutanen nan sararin samaniya suka ƙetare."

"Kakata Sudan ta ƙetare da ƙafa," in ji ta, "kuma ita da gaske ta je."

Ya kai ƙara wurin ubansa. Idris, mai gudun rigima, ya ce a raba, tunda rabin rufin nasa ne. Hauwa ta ja tukwanenta shida zuwa inuwar tankin ruwa, ta kafa kujera a gabansu, kwalba a cinya. Abokan suka yi ta zolaya, ko kallo ba su ishe ta ba.

Kwana uku rumfar ta yi a rufe. Da aka buɗe, yakuwa ta dahu a tsaye, sai warin ruɓaɓɓen ganye. Saura wata biyu gasa, Hatim ya zo ya durƙusa yana roƙon ko cokali ɗaya na iri. Ta dube shi, ta tambayi me zai dawo da shi baɗi. 

"To, khalas, shi ke nan," in ji ta. "Je ka roƙi jaruman littafin."

Ga abin da Hatim ya tashi da shi. Tukwane shida sun mutu a hannunsa. Gasa ta wuce ba shi. Abokai uku sun kwashe kyamararsu sun koma unguwar Hindawiyya. Ubansa ya karɓe mabuɗin rufi ya miƙa wa yayarsa Hauwa, ledar kuma shi kaɗai ya sauko da ita, hawa huɗu, a ka.